Kimiyya a filin ƙwallo: sharhi kan wani shirin hutu na yara a Kano

Iyaye da yawa a birnin Kano sun saba da lesin ɗin hutu, wanda akasari ba komai ba ne illa a mayar da yaro cikin aji irin wanda ya bari a ƙarshen watan Yuli, a ci gaba da cika masa allo da rubutu har a koma makaranta a watan Satumba. Shirin da zan yi magana a kansa ya sha bamban da wannan. Wata cibiya ce mai zaman kanta, wadda ke aron filin wasa da wasu ajujuwa na wata makarantar sakandare a lokacin dogon hutu, take karɓar yara daga shekara 8 zuwa 14 tana koya musu kimiyya ta hanyar ƙwallon ƙafa da tsere da tsalle, bisa sharaɗin cewa duk abin da malami zai faɗa sai yaran sun gwada shi da hannunsu sun auna. Na sa 'yata, wadda ke aji biyar a firamare, da ɗan ƙanwata da ke ajin farko na ƙaramar sakandare. Da yake cibiyar tana barin iyaye su zauna a gefe su yi kallo, na ga kaso mai yawa na darussan da idona, sauran kuma na bi su ta littafin awon da ake ba kowane yaro. Ra'ayina shi ne shirin ya cancanci kuɗinsa, amma ba don dalilin da masu shi suke tallatawa ba, kuma akwai inda suka yi kuskuren da bai kamata a yi shiru a kai ba.

Takardar tallarsu cike take da hotunan na'urorin da suka ce an shigo da su daga waje, kamar dai su ne ƙashin bayan karatun. Abin da na gani a filin kuwa shi ne darussan da suka fi zama a kan yaran an yi su ne da rula ta santimita 30, da tef ɗin awo irin na tela, da famfon iska mai geji, da biro da littafi. Ƙa'idar babban malaminsu guda ce, kuma ita ce ta fi burge ni a duk shirin: kafin a yi kowane gwaji sai kowane yaro ya rubuta hasashensa da biro, don kada ya goge daga baya, sannan a gwada, sannan a kwatanta hasashen da abin da awo ya nuna. Ba a yi wa yaro faɗa don hasashensa ya kuskure, abin da ake yi wa faɗa a kai shi ne ya zauna bai rubuta komai ba yana jiran ya ga amsar maƙwabcinsa.

Darasin rula zai nuna yadda suke tafiyar da aikin. Yaro ɗaya yana riƙe rular a tsaye ta saman kanta, abokinsa ya buɗe babban yatsa da manuniya a daidai sifiri ba tare da ya taɓa ta ba, sai na saman ya sake ta ba sanarwa, na ƙasan ya cafke. Lambar da yatsunsa suka kama ita ce tazarar da rular ta faɗo kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci, saƙo ya bi jijiya ya isa hannu. Da yake komai yana faɗowa ne da sauri mai ƙaruwa a kan ƙa'ida sananniya, kusan mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, ana iya mayar da santimita zuwa lokaci, kuma an ba yaran jadawalin da ke nuna cewa santimita 11 kusan daƙiƙa 0.15 ne, santimita 20 kusan daƙiƙa 0.2, santimita 30 kuma ya kusa daƙiƙa 0.25. Wani yaro ya cafke a santimita 3 yana ta tsalle yana murna, malamin ya ce masa, "Yarona, kai ba gani ka yi ba, canka ka yi," ya kuma bayyana musu cewa a tseren duniya duk ɗan wasan da ya motsa kafin cikar daƙiƙa 0.1 bayan ƙarar bindiga ana ɗaukarsa a wanda ya yi riga malam masallaci, domin an ƙiyasta jikin ɗan Adam ba ya iya amsa ƙara da saurin da ya wuce haka. Usain Bolt kansa, ranar da ya gudu mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, sai da ya ɗauki daƙiƙa 0.146 kafin ya bar wurin tashi.

Daga nan aka fita da su fili aka auna tazarar bugun fanareti, mita 11, da faɗin raga, mita 7.32, da tsayinta, mita 2.44. Aka ba manyan yaran lissafi: idan ƙwallon ta tashi da gudun kilomita 100 a awa, nawa za ta ɗauka kafin ta isa layi? Amsar ta fito kusan daƙiƙa 0.4. Da suka ɗora wannan a kan abin da rula ta nuna musu, sai suka gano da kansu cewa rabin lokacin ya tafi kafin gola ya fara motsi, ragowar rabin kuma bai isa ya kai shi kusurwar da ke da nisan fiye da mita uku da rabi daga tsakiya ba. Ɗan ƙanwata, wanda har ranar ba ya yafe wa golan da ya faɗi ɓangaren da ƙwallo ba ta bi ba, ya dawo gida yana ce mini, "Kawu, ashe dole ce take sa su zaɓi gefe tun kafin a buga." Wannan irin haɗa awo biyu a fitar da dalili na uku shi ne abin da nake ganin iyaye suke biya wa kuɗi a shirin, kuma a wannan darasi an ba mu haƙƙinmu cif.

Haka aka yi da tsere. An shata mita 50, aka ba yara uku agogon awon lokaci su auna gudun yaro guda, sai ga lambobi uku daban-daban, kowa yana rantsuwa nasa ne daidai. Malamin ya bar su suka yi musu har suka gaji kafin ya nuna musu yadda ake fitar da matsakaici, ya kuma tambaye su dalilin da ya sa masu riƙe agogo a ƙarshen layi ba sa jiran su ji ƙarar tafin katako biyun da ake bugawa a farkon layi, sai dai su zuba wa hannun mai bugawa ido. Sauti yana tafiya kusan mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska digiri 20 ne, don haka a tseren mita 100 wanda ya jira ƙara zai makara da kusan daƙiƙa 0.3, makarar da ta isa ta raba na ɗaya da na ƙarshe a babbar gasa. Yaran sun lissafa saurinsu suka kwatanta da na Bolt, wanda matsakaicinsa ya haura kilomita 37 a awa, da na Tobi Amusan, 'yar Najeriya da ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12 a birnin Eugene na Amurka a 2022, tana tsallake shinge goma a kan hanya. Abin da ya fi sa su yin tsit shi ne lokacin da aka shimfiɗa tef a ƙasa aka auna mita 7.12, dogon tsallen da Chioma Ajunwa ta ci zinare da shi a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, kwana guda kafin 'yan ƙwallonmu su doke Ajantina su ɗauki nasu zinaren. Yara biyar suka kwanta kai da ƙafa a jere kafin su cike tazarar. 'Yata ta daɗe tana ba ƙannenta labarin wannan, kuma na lura zaɓen misalan mata biyu ba a banza aka yi shi ba, domin 'yan matan ajin sun fi sakin jiki da gudu bayan wannan rana.

Makon da aka keɓe wa ita kanta ƙwallon ya yi kyau, ko da yake bai kai na farko ba. An sanar da yaran cewa dokar wasa ta tanadi kewayen ƙwallo ya kasance tsakanin santimita 68 da 70, nauyinta tsakanin giram 410 da 450, sannan akwai iyakar iskar da za a hura mata, suka auna ƙwallayen cibiyar da waɗanda suka zo da su daga gida, aka samu da dama ba su cika sharaɗi ba. Sai aka riƙa sakin ƙwallo guda daga tsayi ɗaya a kan siminti ana rage mata iska kaɗan-kaɗan, wani yaro yana tsugune a gaban tef ɗin da aka manna a bango yana karanta inda ta kai idan ta yi tsalle. Bayan haka aka bar iskar yadda take aka sauya ƙasa, daga siminti zuwa yashi zuwa ciyawa. Malamin ya dage a kan cewa abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, kuma da wata ƙungiya ta sauya ƙwallo da ƙasa a lokaci guda sai ya tambaye su wanne ne ya jawo bambancin da suka gani, suka rasa amsa, suka sake aikin daga farko. Tambayar da aka rufe darasin da ita ita ce ina kuzarin yake tafiya tunda ƙwallo ba ta taɓa komawa tsayin da aka sake ta, yaran suka lalubo cewa wani ya zama ƙarar da suke ji, wani ya tafi wajen lotsewar roba da watsa yashi, ya ƙare a ɗan ɗumin da hannu ba ya ji. A nan ne aka yi amfani da manhajar waya mai suna phyphox, wadda jami'ar Aachen ta Jamus ta samar kuma ake saukewa kyauta. Tana sauraren ƙarar bugun ƙwallo a ƙasa, ta auna lokacin da ke tsakanin bugu da bugu, ta lissafa tsayin kowane tsalle. Sai da aka kai gwajin cikin aji aka rufe ƙofa, saboda a fili hayaniyar yara da ƙarar babura masu ƙafa uku da ke wucewa a bayan katanga suna shiga cikin awon.

Darasin lanƙwasar ƙwallo shi ne wanda yaran suka fi ɗoki, kuma malamar da ta jagorance shi ta san aikinta. Ta fara da nuna musu bidiyon bugun tazarar da Roberto Carlos na Brazil ya yi wa Faransa a birnin Lyon a watan Yunin 1997, inda ƙwallon ta bi ta gefen katangar 'yan wasa kamar za ta fita waje, har yaron da ke tsintar ƙwallo a bayan fili ya sunkuyar da kai, sai ta juyo ta daki turke ta shige, gola Fabien Barthez yana tsaye bai motsa ba. Ba ta yi bayani ba. Ta raba musu kofunan takarda biyu-biyu, suka haɗa gindinsu da salatif, suka ƙulla robobin ɗaure kuɗi suka zama igiya, suka naɗe ta a tsakiyar kofunan suka harba kamar gwafa. Idan naɗin ya bi ta ƙasa, kofunan sukan tashi sama su yi lilo kafin su sauko a hankali, idan aka juya naɗin kuma sai su nutse ƙasa nan take. Sai da kowane yaro ya ga wannan da hannunsa sannan ta gaya musu cewa abu mai juyawa a cikin iska yana jan iskar da ke manne da shi ya karkatar da ita gefe guda, ita kuma iskar ta tura shi ɗaya gefen, kuma masanin Jamus Heinrich Gustav Magnus ne ya yi nazarin abin a 1852, shi ya sa ake jingina masa shi. Aka fita fili aka shafa wa ƙwallo alli a gefe guda domin a ga juyawarta, aka ɗauki bugun yaran a waya da hoto mai tafiyar hawainiya. Ƙananan ba su da ƙarfin ƙafar da zai sa ƙwallon fata ta lanƙwasa a bayyane, sai malamar ta ba su ƙwallon roba mara nauyi, wadda iska ke juyawa cikin sauƙi, kowa ya samu ya ga tasa ta karkata. Ta kuma taɓo musu labarin ƙwallon Jabulani ta gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, mai gutsure 8 maimakon 32 na tsohuwar ƙwallo, wadda masu tsaron raga suka yi ta kuka da yadda take rawa a iska, domin su fahimci cewa ɗinki da santsin fata ma suna da tasiri a kan tafiyarta.

Inda na ga abin takaici shi ne darasin kusurwar jifa, kuma zan ɗan tsaya a kansa domin ya taɓa ainihin abin da cibiyar take iƙirarin koyarwa. Littafin yaran ya ce abin da aka jefa ya fi zuwa nesa idan ya tashi a kan digiri 45. Wannan gaskiya ce tun zamanin Galileo, masanin kimiyyar nan na Italiya, amma da sharuɗɗa: idan babu turjiyar iska, idan saurin tashi bai sauya da kusurwa ba, idan kuma wurin tashi da wurin sauka tsayinsu ɗaya. An fara da tiyon ruwa da ma'aunin kusurwa na kwali, kuma ruwan ya fi nisa a kusa da 45, kowa ya gamsu. Da aka koma bugun ƙwallo ana ɗauka a waya ana auna kusurwar a hoton, sai lambobin yaran suka nuna cewa bugun da ya fi nisa ya tashi ne a ƙasa da 45 sosai. Babu abin mamaki a nan, domin iska tana rage wa ƙwallo gudu, ƙafar mutum kuma ta fi ba da sauri idan bugun ya yi ƙasa-ƙasa, kuma saboda irin wannan dalili ne masu dogon tsalle suke tashi a kan kusan digiri 20, masu jifan dalma, wato dunƙulen ƙarfe mai nauyi, ma ba sa kai wa 45. Ranar babban malamin ba ya nan, wani matashin mataimaki ne ya riƙe ajin ɗan ƙanwata. Da ya ga sakamakon ya saɓa wa littafi, sai ya ce wa yaran awonsu ne ba daidai ba, su gyara lambobin su dace da 45 kafin su miƙa. Na ga shafin da idona, an soke lambobin gaskiya an rubuta wasu a samansu. A shirin da aka gina a kan cewa awo ne alƙali, babu ɓarnar da ta kai a koya wa yaro ya sauya abin da ya auna domin ya faranta wa littafi rai, kuma mataimakin ya zubar da damar da ta fi kowace daraja a duk watan, wato a tambayi yaran me ya sa ruwa ya bi ƙa'idar amma ƙwallo ta ƙi. Na kai maganar ga shugaban cibiyar, na ce, "Malam, wannan shafi ya rushe abin da kuka gina." Ya karɓi ƙorafin da mutunci, ya sa aka maimaita darasin ƙarƙashin babban malamin, kuma maimaicin ya yi kyau ƙwarai. Sai dai abin ya nuna cewa ingancin shirin yana rataye ne a wuyan malamai biyu ko uku, mataimakan kuwa, waɗanda akasarinsu ɗalibai ne masu neman na kashewa a hutu, ba a ba su horon da ya dace ba.

Sashen jikin ɗan Adam ya fi sauran gajarta. Yaran sun koyi laluben bugun jini a wuyan hannu, su ƙirga na daƙiƙa 15 su ninka sau huɗu, a zaune da bayan zagaye fili da kuma kowane minti bayan sun tsaya, su zana yadda bugun yake sauka. Kan batun gumi aka naɗe kan ma'aunin zafi ɗaya da jiƙaƙƙiyar auduga aka bar ɗaya a bushe, aka yi musu fifita, domin a ga yadda ƙafewar ruwa take janye zafi, kamar yadda randa take sanyaya ruwan sha ta hanyar tsattsafowar da ke bushewa a bayanta. Malamar ta ambaci Mohammed Bah Abba, malamin nan na jihar Jigawa da ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, wadda ita ma a kan wannan ƙa'ida take aiki. Da yake watan Agusta ne, iska cike da laima, bambancin da ma'aunan biyu suka nuna kaɗan ne, kuma malamar ta yi abin da mataimakin can ya kasa: ta ce su rubuta abin da suka gani yadda yake, ta bayyana musu cewa idan iska ta ƙoshi da danshi gumi ba ya saurin bushewa, shi ya sa wasa a rana mai laima ya fi galabaitar da mutum, har hukumar ƙwallon duniya ta ba da hutun shan ruwa a tsakiyar wasan Holan da Meziko a Fortaleza a gasar 2014. Ta ba su aikin su sake gwajin a gida idan hunturu ya shigo su kwatanta.

Wasanninmu na gargajiya kuwa an yi musu rowar lokaci. Rabin yini kacal aka ba kokawa da langa, alhali babu inda batun daidaiton jiki ya fi fitowa fili kamar a cikinsu. Gwajin da aka yi mai sauƙi ne mai ban dariya: yaro ya jingina dugadugansa da bayansa a bango, a ajiye kuɗi a gaban ƙafarsa a ce ya ɗauka ba tare da ya lanƙwasa gwiwa ba, kuma babu wanda ya iya, domin da zarar tsakiyar nauyin jiki ta wuce inda tafin ƙafa ya tsaya sai faɗuwa. Daga nan aka nuna musu dalilin da ɗan kokawa yake buɗe ƙafafu ya duƙa, da dalilin da ɗan langa, wanda ƙafa ɗaya kawai yake dogara da ita, yake faɗuwa da ɗan turi kaɗan. An tsaya a nan aka tsallaka zuwa labarin Dick Fosbury, Ba'amurken da ya ci zinaren tsallen sama a Meziko a 1968 ta hanyar ƙetare sandar da baya. Labarin yana da amfani, amma yaran da ke kallon dambe a unguwa, waɗanda kuma suke jin labarin gasar takobin kokawa ta Jamhuriyar Nijar a rediyo duk shekara, sun cancanci a ba su mako guda a kan yadda ɗan dambe yake juya ƙugu domin naushi ya yi nauyi, da yadda ƙaramin ɗan kokawa yake kayar da wanda ya fi shi jiki. Ina ganin littafin da suke bi ne bai tanadi wannan ba, su kuma ba su yi ƙarfin halin ƙarawa ba.

Littafin yana da wata matsalar. Da Turanci zalla aka rubuta shi, kuma Turancin ya fi ƙarfin ɗan aji huɗu ko biyar a yawancin makarantunmu. Malaman suna bayani da Hausa a fili, yaran suna fahimta sarai, amma idan sun dawo gida za su cike shafin aikin gida sai sun nemi babba ya karanta musu tambayar. Iyayen da ba su yi boko mai zurfi ba an bar su a baya, alhali gwaje-gwajen irin waɗanda uwa za ta iya yi da yaranta ne a tsakar gida da an rubuta umarnin da harshen da take karantawa.

Ta fuskar tsari, ana farawa da ƙarfe takwas na safe a tashi kafin azahar, daga Litinin zuwa Alhamis, wanda ya ba yara damar zuwa Islamiyya da yamma. Akwai akwatin taimakon gaggawa, na kuma ga an yi amfani da shi yadda ya kamata lokacin da wata yarinya ta kurje gwiwa. 'Yan mata suna da malamarsu da ɓangarensu na fili a darussan gudu da tsalle, ana kuma barin su cikin dogon wando da ƙaramin hijabi, abin da ya kwantar wa iyaye da dama hankali. Yawan yara ga kowane malami ya yi yawa a rukunin ƙanana, kuma a gwajin da ke buƙatar geji ko waya na ga yaran da suka yi tsaye suna kallo har lokaci ya ƙure ba a zo kansu ba. Ruwan sama ya cinye wasu ranakun fili, abin da duk mai shirya aiki a watan Agusta ya kamata ya yi tanadinsa, amma ba a rama su ba, sai aka cike gurbin da kallon bidiyo a aji. Ba a ba da abinci, ruwan leda kawai ake rabawa, ba su kuma da motar ɗaukar yara.

Kuɗin rajista ya kusa kuɗin zangon karatu guda a matsakaiciyar firamare mai zaman kanta, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wannan yanayi, ko da yake ana yin ragi ga mai kawo yaro fiye da ɗaya. Wannan kuɗin na yafe. Wanda ban yafe ba shi ne na akwatin gwaji da suke sayarwa daban suna kwaɗaita wa iyaye a ranar farko. Na saya, na buɗe, na tarar da rula da tef da kofunan takarda da robobi da ƙwallon tebur biyu da ƙaramin agogon roba wanda ya daina aiki kafin shirin ya ƙare. Duk wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari ko ta Kurmi zai haɗa waɗannan a kan kaso kaɗan na farashin, agogon kuma kowace wayar hannu tana da irinsa, kuma yaran da iyayensu ba su sayi akwatin ba babu darasin da ya wuce su.

Shirin ya fi dacewa da yara daga shekara 10 zuwa 13, waɗanda suka iya rabawa da lamba mai ɗigo, domin kusan kowane gwaji yana ƙarewa ne da ɗan lissafi. 'Yan shekara 8 suna jin daɗin wasan amma lissafin yana wuce su, 'yan 14 kuma wasu darussan sun yi musu sauƙi. Wanda yake so ɗansa ya zama ɗan wasan Kano Pillars ya nemi makarantar horar da ƙwallo, domin a nan ba a koyar da yanka ko raba ƙwallo, kuma cibiyar ba ta yi alkawarin hakan ba. Mai niyyar kai yaronsa ya tambayi sunan malamin da zai riƙe rukunin kafin ya biya, ya nemi a rubuta masa yadda za a rama ranakun da ruwa ya hana, ya kuma riƙa duba littafin awon a ƙarshen kowane mako yana neman shafin da aka soke lambobi. Sun ce za su yi gajeren zango a hutun Disamba, kuma zan sake kai yaran biyu idan har babban malamin da malamar kofunan takarda ne za su koyar.